Dala Bakwai

Kaka Cima ba ta taɓa riƙe biro ba.
Da gawayi take rubutu a bangon ɗaka:
zane a miƙe, wance ta zuba adashi,
zane a karkace, wance ta ci bashi.
Shekara talatin a Bagalam
ba wadda ta tsaya ƙofarta tana tafa hannu.

Ni lakkal ta ba ni faran,
gida ya ba ni dala.
In malam ya ce ɗari biyar
sai na raba biyar a zuci kafin in yarda kuɗi ne.
Ga kuma naira mai shigowa ta Ɗan Isa,
da safe da ƙibarta, kafin la'asar ta rame.
Da baki uku na koyi ƙirga.

Wata huɗu ke nan ina koyon aiki a kamfanin aya.
Teburina na bayan ƙofa,
ƙarƙashin fanka mai tari.
Kujerar da nake hange tana can ciki,
inda Malam Sanusi, shugaban kuɗi, ke zama.
In bai sa hannu ba
ko buhu ɗaya ba ya hawa mota.
Shi ke cewa a'a ga masu babbar riga,
ya kuma kwana lafiya.

Ƙarshen wata, ranar Alhamis,
littafi da akwati suka ƙi gaisawa.
Dala bakwai.
Haru mai akwati ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Habsu, rara ce fa, ba giɓi ba!
Wa ya taɓa kuka don miya ta yi nama?
Rufe mu tafi, an kira magariba."

Na ce ya tafi.
Rarar da ke akwatinmu
giɓi ce a zanen wata.

Wuta ta ɗauke.
Na kafa fitilar salula a bakin kofi,
na bi rasit ɗaya-ɗaya
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Na Jiratawa, daidai.
Na Madarunfa, daidai, sai ƙanshin kifi.
Sauro ya karɓi harajinsa a ƙafata,
Inna ta kira sau uku.

Wajen sha ɗaya na gan ta:
Baraka, Tibiri, aya tiya goma sha biyu.
Zufar mai awo ta ɗiga a kan takwas,
ta cinye mata ciki,
mai biya ya karanta ɗaya.

Da safe na kai wa Malam Sanusi.
Bai ce madalla ba.
Ya duba ta saman tabarau, ya ce,
"To, kai mata."

Kabu-kabu zuwa Tibiri da dawowa
ya ci abin da ya ninka bakwai ɗin sau talatin,
daga aljihuna.
Wannan lissafin ba ya cikin darasi.
Na iske ta tana ba jar akuya dusa.
Ta juya tsabar a tafinta, ta dube ni,
ta ce, "Ɗiyar wa ce ke?"
Na ce jikar Cima.
Ta ce, "Ai shi ya sa."

Har yanzu ina bayan ƙofa.
Akwai jarrabawa biyu a gabana,
da kasafin shekara da ban iya ba tukuna,
da turancin banki mai sa ni ciwon kai.
Amma jiya ya ajiye mini makullin ƙaramar durowa
bai ce komai ba, ya wuce masallaci.

An shafe bangon Kaka da siminti bara.
In na shiga ɗakin nakan ɗora hannu a wurin.
Na san inda kowane zane yake.